Giyar da Asabe Ta Kai Kogo

Bana ma damina ta gwada mana halinta. Ruwa ya sauka da wuri, muka yi shuka, dawa ta fito har ta kusa kai gwiwa, sai sama ta ɗauke ɗif. Kwana da kwanaki ke nan babu ko yayyafi. Da hantsi sai ka ga ganyen masara ya nannaɗe, zafi kuwa ya dawo kamar ana tsakiyar bazara, irin mai danƙon nan da ke manne wa mutum riga a baya. Ana cikin wannan hali ɗiyarmu Rifkatu ta iso Zuru daga ƙasar Turawa inda take aikin jinya, ta zo mana hutu da kaya niƙi-niƙi.

Cikin tsarabar akwai wata baƙar kwalba mai dogon wuya. Da yamma muna zaune gindin mangwaro, ni da uwarta Asabe, ta fito da ita ta ce, "Baba, wannan taka ce. Giyar inabi ce, ja. Har gonar na je da ƙafata, na ga matar da ke yin ta."

Na ce, "Mace ce ke yi?"

"Mace ce, Baba. Gonarta a jikin wani tudu take, wurin sanyi ne ƙwarai. Ta ce inabinta ba ya nuna da wuri kamar na ƙasashe masu zafi, a hankali yake tafiya. Wata shekarar har gabanta ya riƙa faɗuwa, kada sanyi ya kashe shi bai nuna ba. Amma in ya nuna, ta ce ɗanɗanonsa daban ne."

Ta nuna mana hoton matar a waya: wata doguwa, kanta duk furfura, ta sa takalmin roba har gwiwa, hannuwanta kaca-kaca da ja. Na dubi hoton, na dubi Asabe. Ita kuwa ta sunkuyar da kai tana ta ɓarar gyaɗa, wai ita ba ta san abin da nake tunani ba. Tsohuwar nan akwai iya nuna halin ko-in-kula! Na ce wa Rifkatu, "Ajiye kwalbar nan tukuna, kada ki buɗe. Ai kin je nesa neman abin da aka goya ki a kansa."

Sai na shiga ba ta labarin. Shekarar da nake nufi, Rifkatu tana goye, ko zama ba ta fara ba. Gidanmu a lokacin yana ƙauye, gindin dutse, ta wajen hanyar Dabai. Mu huɗu ne: ni, Asabe, jaririyar, sai mahaifiyata da muke kira Inna. Shekarar da ta gabata ba a samu amfani ba, don haka tun kafin ruwan fari rumbunmu ya fara amsa kuwwa in ka yi magana a bakinsa. Duk da haka na yi shuka da ƙarfina, gona babba, gadon ubana. Ina ji da kaina a lokacin, ba yabon kai ba, in na duƙa da garma sai saurayi ya yi da gaske kafin ya ga ƙeyata.

Sai kurkunu ya kama ni. Yaran yanzu ba su san shi ba, Allah kada ya nuna musu. Tsutsa ce fara, doguwa kamar zare, daga ruwan tafki ake shan ta, ta yi shekara a jikin mutum, ba ta tashi fitowa sai an shiga aikin gona. Tawa ta ɓullo a idon sawun dama, wata kuma a ƙwauri. Ƙafa ta kumbura tim, tana zafi kamar an ɗora garwashi. Kowace safiya Inna ta zauna ta naɗe kan tsutsar a jikin tsinke, ta ja kaɗan ta bari. In aka yi garaje ta tsinke a ciki, to, ka kwanta ke nan har kaka. Haka na zama kayan tabarma, ni Bawa, ina kallon kaji suna wucewa ta kaina.

Gona kuwa ba ta san ciwo ba. Harƙiya da tofa suka taso suka shaƙe dawar. Asabe takan je da fartanya, goyo a baya, ta yi iyakar yinta, amma ina hannun mace ɗaya ina gonar da ke cin maza goma? Sannan ruwa ya ɗauke, kamar dai yadda ya yi bana. Kowane manomi ya san ma'anar wannan: in ka yi noma a cikin farin, ciyawa ta bushe a rana ta mutu, dawa ta samu sauran laimar. In kuwa ruwa ya dawo ya tarar ba ka nome ba, ciyawa ta ci gonar, sai dai ka yi ta kallo. Abincin baɗi kenan gaba ɗaya yana tsaye a filin nan.

Mafita ɗaya ce, gayya. A wurinmu kuwa ba a kiran gayya da baki kawai, sai da giya, wato burkutu. Kuma akwai ƙa'ida. Ran gayya da safe, kafin garma ko ɗaya ta taɓa ƙasa, matar gida za ta durƙusa a bakin gona ta miƙa wa sarkin noma ƙoƙon farko. Ya zuba kaɗan a ƙasa, ya kurɓa. In ya shanye ya kife ƙoƙon, makaɗi ya saki ganga, a yi aiki har faɗuwar rana. In ya mayar da ƙoƙon da saura a ciki, ba mai cewa uffan, za a yi ɗan noman kunya zuwa hantsi, kowa ya saɓa garmarsa ya kama gabansa. A wannan shekarar gida biyu aka yi wa haka a gabanmu. Ba rashin iyawar matan ba ne, zafi ne. Giya takan tashi da gudu a cikin ɗaki, kafin gari ya waye ta zarce, ta koma tsami kamar ruwan tsamiya.

Abin da ya rage mana a gindin rumbu jar dawa ce, 'yar kaɗan, wadda muke lallaɓawa ta kai mu sabon gero. Tuwo sau ɗaya ake yi, da yamma, shi ma rabinsa ganye ne. Da rana sai kwaɗon tafasa ko rama, ba ƙuli, ba mai, sai gishiri da barkono. Yunwar damina daban take, ga kore ko'ina amma cikinka yana kuka, in ka miƙe da sauri sai ka ga duhu-duhu.

Wata safiya na ji motsi a rumbu, na leƙa, sai ga Asabe ta fito da kai duk ƙaiƙayi, tana sauke dawar nan a masaki. Inna ta yi salati irin nata, ta dafe ƙirji.

"Ke yarinya, me za ki yi da ita?"

"Jiƙawa zan yi, Inna."

"Ki jiƙa? Abin da za mu ci? Ba ki ga abin da ya sami gidan su Laraba ran gayyarsu ba? Dawa ta tafi, gona ba ta nomu ba, an yi biyu babu. Ke kin fi su hannu ne?"

Asabe ta ce, "Ban fi su ba, Inna. Amma in mun cinye ta, wata ɗaya za ta kai mu. In ta nome gonar, shekara za ta kai mu."

Suka juyo suna dubana. Wallahi zuciyata ta rabu biyu, ga uwa ga mata, kowa da gaskiyarta. Na dubi ƙafata, na dubi jaririyar da ke tsotson hannu a bayan uwarta. Na ce, "Inna, bar ta." Inna ta ja tsaki ta shige ɗaki, amma da aka jima ita ce ta fito da babbar randarta ta wanke.

Na sha ganin ana dafa giya tun ina yaro, amma ban taɓa zama na kalle ta daga farko har ƙarshe ba sai da ciwo ya ɗaure ni wuri ɗaya. Asabe ta jiƙa dawar ta kwana, ta tsane ta, ta shimfiɗa a inuwa ta lulluɓe da ɗanyen ganye, tana yayyafa ruwa safe da yamma har ta yi tsiro fari tas. Ta shanya tsiron a kan fa, tana korar kaji da awaki da idon da ya fi sanda. Ta durƙusa a dutsen niƙa, da cikin da babu komai sai ganye, ta niƙe shi duka. Maƙwabta mata suka kawo itace, kowa da ɗan ƙunshinta, ba wanda ya roƙe su. Aka dafa, aka bari ya kwana ya ɗauki ɗan tsami, aka sake dafawa, aka tace. Gidan ya cika da ƙamshin tsiro da hayaƙi, ƙamshi mai zaƙi da ke sa mai yunwa ya ji kamar ya yi kuka. Na aika aka gaya wa sarkin nomanmu, Baba Cindo, aka sa rana.

Daga nan ne ta yi abin da ba wanda ya taɓa yi a ƙauyen. Maimakon ta jera randuna a ɗaki ta zuba gamin da ke tayar da giya, sai na ga ta cika tulu ta aza a ka.

Na ce, "Maman Rifkatu, ina zuwa?"

Ta ce, "Kufai."

Kufai shi ne tsohon mazaunin kakanninmu a kan dutse, tun zamanin da ake gudun mahara. Akwai wani kogo a can da ruwa ke ɗiga daga rufinsa rani da damina. Ko tsakar rana ka shiga sai tsigar jikinka ta tashi don sanyi. Hanyar kuwa ta awaki ce, ga santsi ga ƙaya.

Na ce, "Kin haukace? Wa ya taɓa kai giya kufai?"

"Zafi ne ke kashe ta, maigida. Can babu zafi."

"In sanyin ya hana ta tashi fa?"

Ta gyara gammo ta ce, "To sai mu jira ta."

Ban san sawu nawa ta yi ba. Na dai san ta fara rana tana tsaka, goyo a baya, tulu a ka, ta hau ta sauko, ta hau ta sauko, har randunan ma ta kai su ɗaya bayan ɗaya. Da ta gama, babban yatsan ƙafarta ya fashe, ta ɗaure shi da tsumma, ta zauna ta ba yarinya nono.

Rana ba ta ƙarya, sai dai uwar ɗiya ta ji kunya. Ran gayya aka ɗora ni a jaki aka kai ni bakin gona, aka jingina ni da gindin ɗorawa. Maza suka hallara da garemani, duk sun rame, idanu sun faɗa, kowa ya fito gida bai karya ba don ya san akwai abin sha. Makaɗi ya rataya gangarsa. Gabas kuwa ta fara haɗa wani baƙi-baƙi can ƙasa. Sai ga Asabe ta gangaro daga dutse. Tun daga nesa na ga yadda take riƙe da ƙoƙon, a rataye a gefe, na san babu komai a ciki.

Ta durƙusa gaban Baba Cindo, ta ajiye ƙoƙon wayam.

"Baba, ba ta tashi ba tukuna. Tana tafe."

Sai gunaguni ya ɓarke. Wani mai baki ya ce, "Ashe gayyar ruwan rijiya aka kira mu." Aka yi dariya marar daɗi. Na so ƙasa ta tsage in shige. Da ƙafata lafiya, da sai na nuna wa mai maganar nan bambancin baki da garma.

Baba Cindo tsoho ne gajere, baƙi, mai guntun gemu, ba ya son wargi. Ya ce, "Ɗiyata, tun da na gaji sarautar nan ban taɓa sa garma a ƙasa da busasshen maƙogwaro ba. Ki kawo ta yadda take, in ɗanɗana."

Ta ce, "Baba, ka yi mini aikin gafara. In na ɗebo ta yanzu, ruwan zaƙi za ka sha, ka mayar mini da ƙoƙo, kuma kana da gaskiya. Ba zan ba ka abin da bai nuna ba. Amma in za ka iya, ka zo ka saurare ta."

Jama'a, kun ji ƙarfin hali! Yarinyar da ko ɗaga ido ba ta yi a gaban manya. Tsohon ya dube ta ya daɗe, sannan ya jingine garmarsa ya ce, "Mu je."

Muka zauna jira. Rana ta ɗaga, ƙudaje suka dami ƙafata, wasu har sun fara saɓa garma a kafaɗa. Can sai ga shi yana saukowa shi kaɗai, yana dafa duwatsu, yana haki. Bai dubi kowa ba. Ya ɗauki garmarsa, ya tofa yawu a tafin hannu, ya shiga kunyar farko ya duƙa. Makaɗi ya yi sororo, tsohon ya ɗago ya daka masa tsawa: "Kai, gangar ta ado ce?"

Haba! Sai ganga ta tashi. Maza suka jeru, ƙasa ta fara juyawa, ƙamshinta ya bugi hancina, hawaye suka zubo mini ina ji ina gani. Da rana ta take, Inna ta kawo musu ruwan dusa da ta dama da tsamiya, abin da muke da shi ke nan. Aka sake tambayar giya, Asabe ta aiko daga kan dutse cewa saura kaɗan ta nuna. Nan ma aka so watsewa. Amma Baba Cindo bai ɗago ba, kuma wane saurayi ne zai bar gona alhali mai furfura yana duƙe?

Sai da rana ta karkata sannan muka ga mata sun jero daga kan dutse da tuluna, Asabe a gaba tana ɗingishi. Ta durƙusa, ta tsiyaya, ta miƙa. Tsohon ya zuba kaɗan a ƙasa, ya kai baki. Bai sauke ba sai da ya ga gindin ƙoƙon. Ya kife shi a ƙasa, ya goge gemu, ya ce, "Kai! Kai! Kai!" Iyakar abin da ya iya faɗa ke nan.

Ni ma an ba ni, kuma har gobe ɗanɗanon yana bakina. Ja ce wur, kumfa siriri a samanta, tana 'yar ƙara ƙasa-ƙasa a cikin ƙoƙo. Da sanyinta ta sauko, sanyin dutse. Ka fara jin ɗan tsami a gefen harshe, mai tsabta, ba mai yaƙushi ba, sai zaƙin tsiro ya biyo baya a hankali, sai ƙamshin hayaƙi ya tsaya maka a maƙogwaro bayan ka haɗiye. Ba ta bugun kai, ƙarfi take sa wa a gwiwa. Mutanen da suka yini da yunwa suka sha, suka miƙe da kirari, suka koma kan sauran gonar kamar yanzu aka fara. Mai maganar ruwan rijiyar nan shi ya fi kowa ihu. Kafin rana ta faɗi babu ciyawa ɗaya a tsaye.

Da za a tashi, Baba Cindo ya zo ya tsuguna kusa da ni. Na ce, "Baba, me ka ji a kogon?"

Ya ce, "Na kara kunne a randa, na ji tana magana ƙasa-ƙasa, na san tana da rai. Amma ba shi ya sa na duƙa ba, Bawa. Hanyar na hau da hannu wofi, sai da na huta sau biyu. Na dubi randunan nan, na dubi ƙafar yarinyar. Na ce ko ruwa ne a ciki, sai an nome gonar nan."

Sannan ya ɗaga murya ya ce a kawo ƙoƙon mai giya, don a al'ada ita ke shan na ƙarshe. Aka duba tulun nan, aka girgiza wancan, babu ko ɗigo. Ashe duk ta tsiyaye wa manoma. Tsohon ya ji kunya ƙwarai, ita kuwa ta yi dariya ta ce ai ta ƙoshi da ƙamshi. Giyar da aka yi shekaru ana labarinta a ƙauyenmu, wadda ta yi ta ba ta san ɗanɗanonta ba.

Kashegari da la'asar ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Mun sha wuya kafin sabon gero, dusar giyar nan ma sai da muka shanya muka tuƙa. Amma da kaka, rumbu ya cika har muka gina na biyu, kuma jar dawar da nake shukawa yau jikanyar wadda muka girbe a shekarar nan ce. Yanzu ba a kiran gayya, feshi ake yi, yaro ɗaya da tanki a baya ya gama abin da ya tara ƙauye guda. Kurkunu ya tafi, rijiyar burtsatse ta zo. Asabe ma tun da ta shiga zumuntar mata a coci ta kife randunanta, ba ta sake dafawa ba.

Da na kai nan, Rifkatu ta dubi ƙafar uwarta, inda farcen babban yatsan bai sake fitowa daidai ba. Ta ce, "Mama, ba ki taɓa gaya mini ba."

Asabe ta ce, "Me zan gaya miki? Ai kina wurin. Nauyinki ma ya fi na tulun."

Na ce, "To, yanzu buɗe kwalbar."

Ta buɗe, ta tsiyaya a kofin gilashi, ta durƙusa ta miƙo mini da hannu biyu. Na karɓa, na ɗaga shi a hasken yamma. Ja ce mai haske, kana hango yatsunka ta ciki. Na zuba ɗan kaɗan a ƙasa saboda Baba Cindo da Inna. Sannan na juya na miƙa wa Asabe.

Ta ja baya. "Haba maigida, kai aka kawo wa. Kuma in matan zumunta suka ji fa?"

"Su zo su same ni. Yau mai giya ce za ta fara."

Ta goge hannu a zane, ta karɓa. Ta shinshina. Sai ta kara kofin a kunne, Rifkatu ta fashe da dariya har da riƙe ciki. Asabe ba ta kula ta ba. Ta kurɓa, ta riƙe a baki, ta lumshe ido, ta haɗiye. Ta ce a sake nuna mata hoton. Ta daɗe tana duban hannuwan matar nan.

Ta ce, "Wannan ba ta yi gaggawa ba. In kin koma, ki ce wata tsohuwa a Zuru tana gaishe ta da aiki."

Na miƙa hannu in karɓi saura, sai na ga ta sake kai kofin baki. Ba ta sauke ba sai da ta ga gindinsa, ta kife shi a kan tabarma, ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta. Ko ɗigo ba ta rage mini ba, kuma tun da nake ban taɓa jin daɗin an hana ni abu kamar ranar nan ba.